Waya da mai naƙuda: ina ya kamata ƙungiyarmu ta sa kuɗin da ta tara?

"Assalamu alaikum Mama. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. A daminar da ta wuce mun rasa mata biyu wajen haihuwa. Ɗaya matar yayana ce, jini ne ya ɓalle mata cikin dare, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Mun yi karo-karo, 'yan garinmu da ke Legas da Abuja su ma sun turo nasu. Yanzu kai ya rabu biyu: wasu sun ce a sayi ƙananan wayoyi a raba wa masu juna biyu, wani ƙanenmu da ya karanci kwamfuta kuma ya ce zai haɗa mana manhajar da za ta riƙa tura musu saƙo. Tsakaninmu da babban asibiti tafiyar awa ɗaya da rabi ce idan hanya ta yi kyau. Don Allah, waya tana rage mutuwar mata wajen haihuwa da gaske, ko kuɗinmu za mu zubar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan matar yayanka da ɗaya baiwar Allahn, Ya karɓi shahadarsu, Ya raya abin da suka bari. Ɗana, na ji daɗi da kuka tsaya yin tambaya kafin ku taɓa kuɗin, don na sha ganin inda aka sayo kaya tukuna, sannan aka zauna tunanin abin da za a yi da su.

Tambayarka gida biyu ce. Na farko, ko akwai hujjar cewa waya tana rage mutuwar mata wajen haihuwa. Na biyu, idan akwai, wace hanya ce ta dace da gari irin naku, mai nisa da babban asibiti, ga damina tana cinye hanya. Ni ungozomar asibiti ce, kuma na kama aiki tun kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, zamanin da idan mace ta rikice mana cikin dare sai dai mu tashi maigadi ya hau keke ya je ya buga ƙofar mai mota. Na yi aikin nan babu waya, na yi shi da waya, kuma ko da kuɗi ba zan yarda a mayar da ni wancan zamani ba. Amma fa waya ba ta tsayar da jini. Lokaci take ragewa. Amfanin kira kuwa yana ga wanda ya ɗauka a ɗaya ɓangaren, da abin da yake da shi a hannu a wannan daren.

Inda lokaci yake tafiya

Abin da ya same ku ba naku ba ne ku kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 287,000 ne suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, Najeriya ita kaɗai kuma ta ɗauki kimanin 82,000. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna haihuwa 39 ne cikin 100 ake yi a asibiti a faɗin ƙasar a lokacin, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai 20 ba. Abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne, kuma duk suna da magani: zubar jini, jijjigar da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa, da rikicewar ɓari. Mafi gaggawa cikinsu shi ne wanda ya ɗauke matar yayanka. Jinin bayan haihuwa yana iya gamawa da lafiyayyar mace cikin awa biyu. Ka ɗora wannan a kan awa ɗaya da rabi ɗinku, ka ga abin da ya rage muku na neman mota da neman izini da neman kuɗi: minti talatin.

Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka raba wannan ɓata lokaci gida uku, kuma har yau da rabon nasu muke koyar da ɗalibai. Akwai jinkirin gida, kafin a gane cewa akwai matsala a kuma yanke shawarar tafiya. Akwai jinkirin hanya. Akwai kuma jinkirin asibiti, inda an iso amma babu likita, ko babu jini, ko babu wuta a ɗakin tiyata. Duk shawarar da aka kawo muku, ta wayoyi ce ko ta manhaja, ku tambayi mai ita: wane jinkiri take ragewa, kuma da minti nawa?

Abin da aka gwada a wasu wurare

An fi gwada tura saƙo, domin shi ne mafi sauƙi. A Zanzibar, tsakanin 2009 da 2010, an yi gwaji da mata 2,550 a ƙananan asibitoci 24. Rabi an riƙa tura musu saƙon tunin awo da alamomin haɗari, aka kuma ba su ɗan kati don su iya kiran ma'aikaciyar lafiya, ɗaya rabin aka bar su yadda aka saba. Cikin waɗanda ake tura wa saƙo, 60 cikin 100 sun haihu a hannun ƙwararru, ɗaya ɓangaren 47. Ƙaruwa ce mai kyau. Sai dai da aka tsefe lissafin, sai aka tarar matan birni ne suka kawo ƙaruwar, na karkara kusan suna nan inda suke. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Matar birni da aka tuna wa za ta tare adaidaita sahu ta tafi. Matar ƙauye ta ji saƙon, ta yarda da shi, amma saƙo bai zo da mota ba.

Afirka ta Kudu tana da shirin MomConnect tun 2014, ma'aikatar lafiyarsu ce ke riƙe da shi, ana yi wa mai ciki rajista a wurin awo, tana karɓar saƙo kyauta har ɗanta ya yi wayo, tana kuma iya turo tambaya ko ƙorafi. Ya yi nasara, amma ƙasa ce da yawancin mata ke iya karatu kuma kusan kowa a asibiti take haihuwa. Waɗanda suka fi kama da mu su ne Gana da Indiya. A arewacin Gana, a yankin Kassena-Nankana, da aka fara wani shiri a 2010 aka ba mata zaɓi tsakanin rubutaccen saƙo da na murya, kusan dukkansu murya suka zaɓa, da harshensu. Indiya kuwa tana da Kilkari, kira ne na murya sau ɗaya a mako, guda 72, daga wata huɗu na ciki har jariri ya shekara. Da aka auna shi a jihar Madhya Pradesh an ga ɗan ci gaba a rigakafin jarirai da tazarar haihuwa, a wajen shayarwa kuma ba a ga canji ba. Wato saƙo yana aiki, amma aikinsa a hankali ne, irin na ɗigon ruwa, yana ƙara zuwa awo yana ƙara sani. Ba shi ne zai tashi da ƙarfe biyun dare ba.

Masu cewa a raba wayoyi ma suna da abin kafa hujja, kuma a gida Najeriya. A 2009 gwamnatin Jihar Ondo, zamanin Gwamna Olusegun Mimiko, ta fara shirin Abiye a ƙaramar hukumar Ifedore, inda aka raba wa masu ciki wayoyin da za su kira kyauta. Mutane wayar suke tunawa. Amma kowace mace an haɗa ta da ma'aikacin lafiya da ke bibiyarta har gida, an tanadi abin hawan ɗauko ta, an kuma gina asibitin uwa da yara a Akure inda haihuwa da tiyata suke kyauta. Wayar ita ce igiyar da ta ɗaure kayan. Idan kuka sayi igiya ba kaya, me za ku ɗaure?

Shirin da ya fi burge ni, kuma ya fi kusa da matsalarku, shi ne m-mama na Tanzaniya. Lamba ɗaya ce ta kyauta, dare da rana akwai mai ɗauka. Zai yi 'yan tambayoyi ya gane girman matsalar, idan motar asibiti tana kusa ya turo ta, idan babu ya kira ɗaya daga cikin direbobin haya na yankin da aka riga aka yi wa rajista da horo. Direba ya kai mace asibiti, a biya shi ta waya nan take, iyalinta ba su ba da ko sisi ba. An fara shi a yankunan Sengerema da Shinyanga tare da gidauniyar Vodafone, a 2022 Shugaba Samia Suluhu Hassan ta ƙaddamar da faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya. Mu ma a Arewa muna da ɗan'uwansa. A Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an taɓa horar da direbobin NURTW, ƙungiyar direbobin haya ta ƙasa, su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, ladansu kuma wani abu ne da duk ɗan tasha ya san darajarsa: wanda ya kai mace asibiti, washegari a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Ku je tashar da ta fi kusa da ku ku tambayi shugabanninta, wataƙila akwai waɗanda suka taɓa yi.

Wa ke riƙe da wayar?

Wannan ita ce tambayar da masu zana irin waɗannan shirye-shirye daga ofis suke tsallakewa. A ƙauyukan da na yi aiki, gidaje kaɗan ne babu waya sam. Waya tana nan, a aljihun maigida. Shi kuma yana gona, ko kasuwa, ko ya tafi cin rani ya bar gida wata huɗu. Idan mace tana da tata, sau da yawa tana wurin mai caji, ko babu kati, ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Idan kun raba sababbi, wasu za su koma hannun ƙanen miji, wasu a sayar ranar da aka rasa cefane, wasu kuma su jawo faɗa tsakanin kishiyoyi, don me aka ba wance ni ba a ba ni ba. Ban ga laifin kowa a nan ba, talauci ne da zaman gida.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, mai naƙuda ba ita ke kira ba. Macen da jini ke zuba daga jikinta, ko take jijjiga, ba ta neman lamba. Mai cikin fari kuwa kunya ma ba za ta bari ta ce tana ciwo ba, sai ta shige ɗaki ta cije har a ji nishinta. Masu kira su ne miji, uwar miji, kishiya, facala, ungozomar gargajiya, maƙwabci. Su ne kuma masu cewa a tafi ko a ƙara jira, a kawo rubutu tukuna, a bari gari ya waye. Saboda haka lambar gaggawa a kansu ya kamata ta zauna, alamomin haɗari kuma su ya kamata a koya wa. Bangladesh ta gane haka, shirinsu na Aponjon yana da saƙo na daban don miji da uwar miji.

Ga wani abu da ya taɓa cin mu. Mun yi rajistar masu awo da lambobin mazajensu, muna kira muna tuni, abin gwanin sha'awa. Sai muka lura masu cikin fari suna ɓace mana daidai lokacin da muka fi bukatarsu. Ashe goyon ciki ne: da ciki ya shiga wata bakwai ko takwas an mayar da yarinya gidan iyayenta, wani lokaci a wani gari, lambar da ke hannunmu kuma ta miji ce. Daga nan muka ƙara tambaya ɗaya a wurin awo: a ina za ki haihu, kuma wa ke da waya a gidan?

A wani wurin kuma waya ta warware abin da da ba ya warwaruwa. A da, idan miji yana Legas, mace tana iya kwana biyu a kan gwiwa saboda babu mai ikon cewa a fita da ita. Yanzu minti ɗaya ya isa a same shi. Duk da haka na fi son a karɓi izinin tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa ko waninta, ya furta cewa duk ranar da abu ya taso a tafi da ita ko yana nan ko ba ya nan. Sabis yakan ɗauke a daren da aka fi bukatarsa.

Dare biyu

Wani dare cikin hunturu, a wani ƙaramin asibiti da na zauna, wayar aiki ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Ta sake, ta katse. Filashin ne, mai kiran ba shi da kati. Dokarmu ita ce duk filashin da ya shigo da dare a bi shi, sai na kira. Wani magidanci ne, murya tana rawa, ya ce iyalinsa ta sauka lafiya, mabiyiya ma ta faɗo, amma an ce jini bai tsaya ba. Na ce zani nawa ta jiƙa? Ya ce bai sani ba, shi yana zaure. Na ce ya miƙa wayar ciki. Wata tsohuwa ta karɓa ta ce na uku ke nan, kuma guda-guda yake fita. Na ce, "Iya, sa hannunki ƙasan cibiyarta ki danna, me kika ji?" Ta ce laushi, kamar kunu a leda. Na ce ta murza da ƙarfi kada ta ji tausayinta, har sai ta ji wurin ya dunƙule ya yi tauri kamar goruba, a sa ta ta yi fitsari, a sa jariri a nono, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta a lulluɓe ta. Ina wannan magana, abokiyar aikina tana kan tata wayar da direban da muka saba da shi. Kafin su iso mun rataya ruwa, mun zuƙe allurar oksitosin mai tsayar da jinin haihuwa, mun kunna fitila. Ta shigo fari fat, amma ta tashi. Bayan shekara biyu ta dawo awon wani cikin.

Wani daren kuma, kusan irin wannan kira, irin wannan tsohuwa, irin wannan umarni. Direba ya ɗauka a bugu na farko, amma motarsa babu mai, sai da aka tashi ɗan bumburutu. Da suka iso mun yi abin da za mu iya, muka ga sai an yi ƙarin jini, muka tura su gaba. A can babu jinin da ya dace da nata, 'yan'uwan da suka rako ta kuma mata ne biyu da tsoho ɗaya. Ta rasu da asuba. Waya ta yi aikinta a daren nan ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Shi ya sa jinkirin asibiti ba na so ku manta da shi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa, jini ya taru a ciki a ga yawansa da ido maimakon a yi kintace, da ya kai iyaka a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ban san wani shirin waya da ya zo kusa da wannan ba, ledar kuma ba ta bukatar caji.

Da ni ce ke riƙe da asusun

Ba zan sayi wayoyin rabo ba. Zan sayi guda ɗaya ko biyu, masu tocila, masu riƙe caji, da ɗan faifan sola, a ajiye a asibitin garinku ko wurin ma'aikaciyar lafiyar da ta fi kusa, a ce wannan ita ce wayar haihuwa. A yi wa layin rajista yadda ba zai bi ma'aikaciya ba ranar da aka yi mata canjin wurin aiki, don na ga inda aka yi shekara ana tallar lamba, mai ita ta tafi da ita wata ƙaramar hukuma. Ƙungiya ta riƙa sa kati duk wata, saboda bin filashin. Lambar kuma a rubuta ta da fenti a bangon masallaci, da shagon mai caji, da wurin mai shayi, da bayan katin awo, liman ya faɗe ta ranar Juma'a, a faɗe ta a wurin suna. Ku zauna da ma'aikaciyar ku yi magana ta gaskiya: mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar waya kowane dare har abada ba, dole a yi karɓa-karɓa, kuma ɗan ihsani ba zai yi yawa ba.

Kaso mafi tsoka na kuɗin zai tafi ga mota. Ba sayen mota nake nufi ba, motar ƙungiya takan mutu a kan duwatsu cikin shekara biyu. Ku nemi direbobi uku ko huɗu da ke kwana a garin, ku yi yarjejeniya a gaban dagaci kan kuɗin kowace tafiya, dare da rana, rani da damina, a biya su daga asusu washegari ba tare da sun bi kowa ba. Direba ɗaya bai isa ba, ranar da za a neme shi ya tafi ɗaurin aure. Ku ajiye kuɗin mai a wurin mai sayar da mai, da sharaɗin zai buɗe a kowane lokaci. Ku kuma zauna ku zana hanyar damina: idan rafi ya kawo, ta ina za a bi, wa ke da kwalekwale ko amalanke, a ina mota za ta jira a tsallake. Macen da aka san cikinta yana da haɗari, wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai tagwaye, ko mai hawan jini, ko wadda ta haihu da yawa, ko yarinya ƙarama, idan watanta ya kama a tsakiyar damina gara ta koma gidan dangi kusa da babban asibiti tun kafin naƙuda. Asusunku zai iya taimaka mata da abinci.

Sai jini. Ku tara matasan garin a gwada rukunin jininsu, a rubuta suna da rukuni da lamba. Duk motar da za ta tashi da mai zubar jini, a kira biyu daga cikinsu su bi ta a babur. Ku kuma je babban asibiti da rana tsaka, ku gaisa da shugabar ɗakin haihuwa, ku karɓi lambar da ake samu da dare. Kira ɗaya kafin mota ta tashi, "ga mu nan da mai jijjiga, cikin fari, za mu iso nan da awa ɗaya da rabi", yana sa a kira likita a tanadi gado, ko a ce muku yau babu mai yin tiyata ku wuce gaba, maimakon ku iso a juya ku.

Idan da saura, ku sayi na'urar awon hawan jini mai batir ko biyu. Jijjiga ba ta faɗowa daga sama. Kafin ta zo jini yakan hau ya kai 140 bisa 90 ko fiye, ga ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa. Mace mai ɗan karatu a unguwa za ta iya koyon awon, ta kira ta faɗi lambar da ta gani. A nan waya tana da amfani ƙwarai, domin lamba ba ta canzawa a hanya.

Ƙanenku mai kwamfuta kuwa kada ku kashe masa gwiwa, amma ku sauya masa aiki. Manhaja tana bukatar babbar waya da data da mai gyara ta idan shi ya samu aiki a birni ya tafi. Yuganda sai da ta dakatar da sababbin shirye-shiryen lafiya na waya a 2012, saboda sun yi yawa, kowa da nasa, ba sa jituwa, kuma da kuɗin mai tallafi ya ƙare sai su mutu. Abin da kuke bukata daga gare shi ya fi manhaja wuya: rajistar duk mai ciki a garin, watan haihuwarta, inda za ta haihu, lambobi biyu na gidan, a kwamfuta da kuma a littafi. Daga ciki ya riƙa fitar wa ma'aikaciya sunayen waɗanda suka tsallake awo duk mako, don Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ganawa takwas take so a yi kafin haihuwa, mu kuwa ko huɗu da ƙyar muke samu. Ya ɗauki muryar ma'aikaciyarku da ta liman da ta wata dattijuwa da ake jin maganarta, minti ɗaya-ɗaya, kan alamomin haɗari: jini ko kaɗan ne, fashewar faya babu naƙuda, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta. A tura ta WhatsApp ga masu shi, a zuba wa sauran a katin waya wurin mai caji, yadda ake zuba wa'azi da waƙa. Ya kuma zagaya garin ya gano inda kowane layi ke kamawa, a san tudun da za a hau.

Inda waya take cutarwa

Akwai, kuma dole in faɗa. Mafi yawa shi ne mutane su mayar da kira madadin zuwa. "Sista, faɗa mana allurar da za mu saya a kemis." Na sha jin wannan, kuma amsata ɗaya ce. Allurar ƙara naƙuda da aka yi a gida ba tare da an duba kwanciyar ɗa ba tana fasa mahaifa. Ni da ke wannan aiki shekara da shekaru ba na iya sanin kwanciyar ɗa ko bugun zuciyarsa ta waya, abin da nake iyawa shi ne in ce ku taho, ga abin da za ku yi kafin ku iso. Duk wanda zai riƙe wayarku a ja masa wannan layi.

Sai sirri. Mace takan ɓoye ƙaramin ciki, wani lokaci har ga kishiya, sai ga saƙo ya shigo wayar gida ana karantawa a tsakar gida. A tambaye ta tukuna wace lamba ta yarda a kira. Hoton mara lafiya ko katinta kuma ba abin yawo ba ne a zauren WhatsApp na ƙungiya. Idan ciki ya zube ko ɗa bai zo da rai ba, a cire sunanta daga masu karɓar saƙo a ranar. Na taɓa zama da wata da ta binne jaririnta, bayan sati biyu ana ta turo mata tunin ranar rigakafinsa.

Kada kuma tsarin ya rataya a kan sabis kaɗai. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mata kuma ba su daina haihuwa ba. Kowa ya san ƙofar gidan direba, ya san tagar da zai buga.

Ban ga garinku ba, ban san ko asibitinku yana da ungozoma mai kwana ba, kuma wannan shi ne abin da zai iya rushe duk abin da na faɗa. Idan babu, kafin komai ku ɗauki dagaci da kansila ku je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku nema, ko da ƙungiya ce za ta gyara mata ɗakin kwana ta sa mata sola. Ba kuma zan yi maka alkawarin cewa ba za a sake rasa kowa ba, akwai jinin da ko a cikin babban asibiti yake fin ƙarfinmu.

Idan kun gama tsarawa, ɗana, ka zaɓi wani dare da ake ruwa, kada ka gaya wa kowa, ka ari wayar da ba a san lambarta ba ka yi wa layin filashin da ƙarfe biyu. Ka duba agogo: minti nawa kafin a kira ka, minti nawa kafin fitilar mota ta haska ƙofar gidanka, kuma mai nawa ne a tankinta. Ka biya direban kuɗin tafiyarsa cikakke, ka ba shi haƙuri, ka kai lissafin mintocin gaban taron ƙungiya na gaba.